Gilashin Motar Baba

Motar mahaifinmu Peugeot 504 ce, fara, haɗin masana'antar nan ta Kakuri a Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Mu dai Fijo muke ce mata kamar kowa. Bayan rasuwarsa ta daɗe a gindin dalbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da na ɗaura aniyar tayar da ita, inji bai ba mu wuya ba, kwana kaɗan bakanike ya sa ya yi tari ya tashi. Gilashin gaba ne ya sha mini kai.

Tsagar da ke jikinsa na san ranar da aka yi ta. Muna hanyar Zariya, wata tifa ta cillo tsakuwa, sai ji muka yi ƙas! Baba ya yi salati ya rage gudu. Tabon ya fara kamar tauraro, shekara da shekaru yana jan ƙafa har ya kai gefe. Ta kusurwar ƙasa kuma, ɓangaren da Inna ke zama, ruwa kan ɗiga da damina, shi ya sa tsohon tawul ba ya rabuwa da ƙafarta.

Da aka cire gilashin muka ga dalili. Tsatsa ta cinye bakin ƙarfen da roba ke kamawa, har yatsa na shiga. Sai da mai walda ya yanke wurin ya ɗora sabon ƙarfe, aka goge, aka yi fenti. Na samo gilashi a Panteka bayan yawon kwana biyu, amma da aka faɗa mini kuɗin sabuwar roba sai na ce a mayar da tsohuwar. Ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Yaron gareji ya yi ta fama da ita da sukudireba, ya danna kusurwa da ƙarfi, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa a gabana. Laifina ne, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Aka kwatanta mini wani dattijo da ya tsufa a aikin gilashin mota. Ya zo a kan keke, ba shi da kayan aiki sai igiya siririya mai santsi da sabulu a aljihu. Ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya dube ni.

"Ɗana, gilashi ba ya son gardama. Ka sayo roba, ka nemo wani gilashin, gobe da hantsi mu haɗu."

Washegari ya shanya sabuwar robar a kan bonet har rana ta tausasa ta. Yana jira yana yi mini bayani: wannan gilashi falle biyu ne da leda a tsakani, shi ya sa na Baba ya tsage bai zube ba, alhali wani irin na dā idan dutse ya same shi sai ya wargaje kamar gishiri. Ya zagaye gilashin da robar, ya cusa igiyar cikin ramin leɓenta har bakunan biyu suka haɗu suka gitta a tsakiyar ƙasa, ya shafe ko'ina da ruwan sabulu. Muka ɗaga mu uku muka zaunar da shi daga waje, bakunan igiyar na lilo a ciki. Ya shiga ya zauna a kujerar Baba.

"Tafin hannu za ka sa, a shimfiɗe. Inda igiyata take, nan hannunka zai bi. Kada ka riga ni."

Ya fara ja a hankali. Ina kallo ta cikin gilashin leɓen robar na buɗewa yana hawa kan ƙarfen, taƙi bayan taƙi, kumfar sabulu na fitowa. A kusurwa ya tsaya, ya riƙa juya igiyar kamar mai murza zare, ni kuwa zuciyata na dukan uku-uku, don a nan na farko ya fashe. Ya wuce. Ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Da igiyar ta fita a tsakiyar sama, ya buga gilashin da tafin hannu sau biyu, aka ji ya zauna daram. Ya sa aka kwara bokiti uku na ruwa, ya shafa kusurwar Inna ta ciki, ya nuna mini yatsansa a bushe.

Ranar Juma'a na rataye carbin Baba a madubi, na ɗauki Inna zuwa gidan ƙanwarta a Tudun Wada. Hadari ya haɗo muna hanya. Na ga ta janye ƙafarta gefe tun kafin ruwan ya sauko, ta zuba wa kusurwar ido. Aka yi ta sheƙawa har muka isa. Da na tsaya ta sunkuya ta taɓa wurin, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Malam."