Savoca: Garin da fim ɗin 'The Godfather' ya farfaɗo da shi

Mai karatu, in ka kalli 'The Godfather' na 1972, za ka tuna inda Michael (Al Pacino) ya yi kisa ya gudu Italiya, har ya auri Apollonia. A labarin, Corleone ya je. Amma darakta Francis Ford Coppola bai ɗauki wannan sashe a can ba, don garin ya riga ya zamanance. Sai ya haye Savoca, wani ɗan gari bisa tsauni a gabashin tsibirin Sisili, kusa da Taormina.

A da, Savoca ne ke iko da ƙauyukan kewayensa. Daga ƙarni na 19 jama'a suka riƙa gangarawa bakin teku neman na tuwo, suka bar tsofaffin gidaje da lunguna yadda suke. Yau mazaunansa ba su kai 2,000 ba.

To, wannan koma-bayan ne ya zame masu alheri. Shagon Bar Vitelli, inda jarumin ya nemi auren, na nan daram, bangonsa cike da hotunan fim ɗin. Cocin San Nicolò da aka nuno a bikin ma yana nan. Duk shekara 'yan yawon buɗe ido na tururuwa, mutanen gari na samun na kai.

Ashe tsohon gini jari ne! Da sun rushe sun zuba siminti, wane darakta ne zai leƙo su? Masu rushe tsofaffin unguwanni, a dai yi tunani.