Fadamar da Tsirrai Ke Farautar Ƙwari

A babbar hanya mai lamba 101 da ke bin gaɓar tekun Fasifik a jihar Oregon ta Amurka, kimanin kilomita 8 arewa da garin Florence, akwai wata 'yar kwana da mai sauri zai wuce bai lura ba. Wanda ya ratse ya ajiye mota, ya taka kaɗan cikin itatuwa, zai hau gadar katako da aka shimfiɗa a kan fadama. Hagu da dama tsirrai ne cunkus, kore da ratsin ja, kowanne ya fasa kai irin na gamsheƙa, har da harshe mai reshe biyu.

Sunan tsiron Darlingtonia californica. A 1841 wani masanin tsirrai, William Brackenridge, ya ci karo da shi kusa da dutsen Shasta a Kalifoniya, a 1853 kuma wani masanin, John Torrey, ya raɗa masa sunan masanin tsirrai William Darlington.

Yadda yake farauta abin a tsaya a kalla ne. Ganyen ne ya naɗe ya zama bututu, bakinsa na ɓoye a ƙarƙashin kan. Ruwan zaƙi ke janyo ƙuda ya shiga. Da ya nemi fita sai ya ga haske ta wasu ɗigo-ɗigo masu shara-shara a rufin, ya zaci ƙofa ce, ya yi ta bugun kai har ya gaji ya zame. Can ƙasa akwai gashi mai kallon ƙasa, don haka babu hawowa. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruwan bututun su narkar da shi, tsiron ya tsotse.

Me ya kai tsiro ga cin nama? Talaucin ƙasa. Fadamar ba ta da wadataccen naitirojin, sinadarin da manomi ke nema a takin yuriya, shi ya sa tsiron ke samo nasa daga jikin ƙwari.

Filin bai wuce eka 18 ba, amma shi kaɗai ne a wuraren shaƙatawa na jihar aka keɓe domin kare tsiro guda. Wannan shawara ta cancanci yabo, domin kare irin wannan wuri bai buƙaci makeken daji ba, sai dai gadar da ta hana a tattake fadama, da dokar hana tsinka ko tugewa. Dokar tana da hujja. Saiwar tsiron ta saba da ruwan sanyi mai kwarara a ƙarƙashinta, kuma idan aka dasa shi a tukunya zafi ya taɓa saiwar, sau da yawa mutuwa yake yi.