Ɗana, Kafin Ka Ɗauko Talabijin Daga Kasuwa

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka tara ɗan abin da Allah Ya hore, kana shirin shiga kasuwa ka ɗauko talabijin ta bango ka kafa a ɗakinka. Allah Ya sanya alheri. Kuɗin nan guminka ne, don haka ka ba ni aron hankalinka kafin ka miƙa su ga kowa. Ƙuruciyata da furfurata duk a kan teburin gyaran rediyo da talabijin suka same ni, tun ana yayin mai doro mai hoto baƙi-da-fari, wajen lokacin da aka kafa gidan talabijin na NTA a 1977, har zuwa waɗannan shafaffun na yau. Abin da hannuna ya taɓa shi zan gaya maka.

Yawancin talabijin ɗin da aka riƙa kawo mini a mace, girmansu ne ya ruɗi masu su tun ranar saye. Saurayi zai shigo da ƙatuwa mai inci 55, an liƙa mata suna mai kama da na babban kamfani, harafi ɗaya kawai aka sauya. Sai ya ce mini murya tana fita amma hoto ya ɗauke. In na kwance bayanta sai in tarar fitilun da ke haska gilashin sun ƙone, kayan cikin kuwa na jeka-na-yi-ka ne. Wanda gilashinsa ya tsage shi ya fi ba ni tausayi, domin kuɗin sabon gilashi kan kusa kai kuɗin sabuwar talabijin.

Saboda haka ka riƙe wannan: araha ba ta ado, amma talaka ma yana da hanyar samun abu nagari. Hanyar ita ce ka rage girma, ka ƙara inganci. Kuɗin da za su saya maka ƙatuwa marar asali, su za su saya maka mai inci 32 ko 43 ta kamfanin da aka sani, irin su LG, Samsung, Hisense ko TCL, a hannun dilan da zai ba ka rasit da takardar garanti. Ka duba lambar da ke bayanta ta zo daidai da ta jikin kwali da ta kan rasit. Inci kuwa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake auna shi, a kan gilashin kaɗai. Ka tafi da tef ɗin awo a aljihu, babu kunya a ciki.

Na sha ganin masu saye sun tsaya gaban mai shago suna gyaɗa kai, alhali ba su fahimci abin da yake faɗa ba. Jama'a suna kiran kowace ta bango filasma, amma manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma tun 2014. Wadda ake ce wa LED a kasuwa, gilashin LCD ce da aka jera wa ƙananan fitilu a baya ko a gefe. Hoton kuma ɗigo-ɗigo ne ƙanana suka haɗu suka ba da shi, yawansu shi ke kawo tsabtar hoto.

Matambayi ba ya ɓata, ɗana. Ka tambayi adadin ɗigon, ka karanta shi da idonka a jikin kwali. Mai inci 32 galibi 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, kuma ya wadatar a ƙaramin ɗaki. In ka hau inci 43, kada ka yarda da ƙasa da 1920 da 1080. Wadda ake kira 4K tana da 3840 da 2160, sai dai yawancin tashoshin da za ka kama ba sa aiko da hoto mai wannan tsabta, don haka kada ka ƙuntata wa kanka a kan abin da ba za ka mora ba. Haka ma mai shiga intanet: in kuɗinka ba su kai ba, ɗauki mai kyan hoto, daga baya ka sayi ɗan akwatin da ake jona mata. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wani magidanci ya taɓa zuwa wurina ransa a ɓace, yana rantsuwa an musanya masa kaya, wai hoton da ya gani a shago ba shi ya gani a gida ba. Na duba talabijin ɗin, lafiyarta ƙalau. A shago an ƙure mata haske da launi, an sa mata bidiyon furanni da tsuntsaye da aka shirya musamman don jan ido. Da ta je gida ta haɗu da hoton yau da kullum, sai ainihinta ya fito.

To, gani ya kori ji, amma sai an san abin da za a duba. Ka zuba fim ɗin Hausa da ɗan wasan ƙwallo a filasha, ka roƙi mai shago ya sa maka, ya kuma mayar da hoton kan saiti na daidai. Fara da fuskokin mutane: fatar ta fito kamar yadda Allah Ya yi ta, ko ta yi ja kamar an shafa mata manja? Ka jira wurin da dare ya yi a fim ɗin, ka ga ko baƙin ya yi baƙi, ko kuwa ya yi toka-toka, haske yana tsiyayowa ta kusurwoyi. Ka bi ƙwallo da ido in an buga ta, ka ga ko tana jan inuwa a baya. A sa maka fari fat ya cika gilashin, ka matso ka nemi mataccen ɗigo. Daga nan ka koma gefe, ka kuma tsuguna, domin a gidajenmu wani yana kan kujera, wani yana kan tabarma. Gilashi irin IPS yana riƙe launinsa ko daga gefe, shi ya fi dacewa da ɗaki mai jama'a. Irin VA ya fi zurfin baƙi, amma yakan koɗe in ka kauce daga gabansa. Mai shagon da ya ƙosa da wannan bincike, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Damina ita ce kakar masu gyara. Bayan kowace tsawa mai ƙarfi, ko ranar da aka dawo da wuta da ƙarfin da ya wuce kima, sai shagona ya cika. Na kuma ga na hannu da aka yo tsarabarsu daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, aka jona wasunsu a tamu mai 230 suka yi hayaƙi nan take.

Rigakafi ya fi magani. Tun kana lissafi ka ware kuɗin sitabilaiza, ko ya zama dole ka sauko zuwa ƙaramin inci. Hadari ya haɗo, zare talabijin ɗin daga soket, ka cire wayar eriya ko ta dish. In dikodarka tana da HDMI, da ita za ka haɗa, domin tsohuwar wayar nan mai kai rawaya da ja da fari tana rage kyan hoto komai ingancin gilashi. Ka sassauta hasken fitilun baya, za su daɗe, batirin sola ma zai huta. Ka bar mata sarari a baya ta sha iska, ƙurar hunturu kuma ka share ta da busasshen ƙyalle mai laushi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damuna. Na san samari da suka ci bashi don a ce tasu ta fi ta maƙwabci, talabijin ta mutu, bashin yana nan da ransa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, sauri kuma ya haifi nawa. In kuɗinka ba su kai ga tagari ba, ka haƙura wata biyu ko uku ka ƙara tari. Ka zaga shago fiye da ɗaya, ka yi ciniki da fara'a, ka biya da abin da yake naka. In ta shigo gida kuma, kai ne mai gida, kai za ka san abin da iyalinka ke kallo da lokacin da za a kashe ta a tashi salla ko a koma karatu. Yadda mutum yake sayen ƙaramin abu, haka zai sayi fili da mota in Allah Ya kai shi, don haka ka koyi natsuwar tun daga nan. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka ci moriyar abin da ka wahala ka samu.