Farautar Mazo a Winiba

Ranar Asabar ta farkon watan Mayu, tun da asuba muka shiga mota a tashar Kaneshi a Ankara, mu da uwargida, muka nufi Winiba. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. A garin muka yi karatun koyarwa, amma ita ba ta taɓa ganin Aboakyer ba, wato bikin farauta na mutanen Efutu.

Masu karanta shafin Turanci za su ce barewa ake kamawa. Ba barewa ba ce, mazo ne, mai zane fari a haƙarƙari. Ƙungiyoyin Asafo biyu ke shiga daji: Tuafo masu shuɗi da fari, Dentsifo masu ja da rawaya. Babu bindiga, babu kibiya. Da hannu za a kama shi, kuma da ransa. Waɗanda suka riga kawowa, aka ajiye a gaban sarki ya taka shi, su ne da nasara. Tsofaffin garin na cewa da can mutum ake ba gunkinsu Penkye Otu, aka koma damisa, ita ma ta ƙarar da samari, sannan aka roƙi a karɓi mazo.

Wajen hantsi ihu ya tashi. Ga samari sun shafe jiki da farar ƙasa, sun saɓo dabba a kafaɗa. Uwargida ta yi ɗage, ta leƙa, ta ce, "Malam, duk wannan rundunar a kan ɗan wannan? Ai akuyar gidanmu ta girme shi." Muka ce ta rage murya, a garin mutane muke.

Wani dattijo a gefenmu ya ji ta, ya yi dariya, sannan ya ce mu gode da aka samu ma. Dajin da ake farautar, kusa da tafkin Muni, gonaki da gidaje da masu yanka itace sun ci shi. An sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar tun 1992, amma takarda ba ta hana gatari. Akwai shekarun da ake dawowa hannu wofi.

A hanyar komawa, a mararrabar Winiba, wani mai bindiga ya ɗaga mana wata 'yar dabba ta tagar mota. Uwargida ta ce, "Allah sarki, jaririya ya harbe!" Ba jaririya ba ce. Adowa ce, mafi ƙanƙanta cikin dangin gada a duniya. Babba ba ta cika wuce kilo 3 ba, tsayinta kamar zomo. Ya faɗi kuɗi. Ta ce, "Baba, harsashin ka ke sayarwa ko naman?" Direba ya ja mota, mutumin na biye da mu a guje yana rage farashi.