Kujerar wata da motar da ban saya ba

Wani abokina da ke Sabon Ibadan ya tambaye ni kwanakin baya, wai shin gaskiya ne na fasa sayen mota na koma biyan kuɗin kujera duk wata kamar ɗan makaranta. Na ce masa gaskiya ne, kuma tunda ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba, bari in ba da amsar gaba ɗaya, da daɗinta da rashin daɗinta.

A Agege aka haife ni. Baba ɗan kasuwar goro ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu. Muna yara yana da wata tsohuwar Fijo 504, wadda duk Babbar Sallah ake ɗura mu a ciki har Kano, kwana biyu a hanya, ga kwandon goro a bayanmu. A wurin Baba, mota ita ce shaidar cewa zamanka a kudu bai tashi a banza ba. Idan ka shiga garinku da motarka, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Ni kuma bayan na gama sakandare sai na shiga sayar da shadda da atamfa a kasuwar Balogun. Duk wanda ya san Legas ya san abin da ke tsakanin Agege da Idumota: sai ka bi ta Oshodi, ka tsallaka gada, kuma idan ka makara da rabin awa da safe, to ka yi asarar awa biyu a cunkoso. Da can idan damfo ta maƙale mukan sauka mu hau acaɓa, amma a watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da cikin tsibirin Legas. Wannan doka ta taɓa 'yan'uwanmu da dama da ke cin abinci da babur, mu ma fasinjoji ba ta ƙyale mu ba. Daga nan na ɗaura aniyar sayen mota, na shiga tari. Zuwa farkon 2023 har na je na ga wata Corolla tokumbo, mun yi ciniki, saura kaɗan in cika.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Na ɗauki biro da littafin shago na zauna na yi lissafi: mai na kwana shida a mako, kuɗin ajiye mota a tsibiri tun safe har yamma, bakanike, taya, inshora, sabunta takardu, ga abin da ba a rubutawa na masu tare hanya. Abin da ya fito ya nuna min ƙarara cewa motar ce za ta riƙa cin shagon, ba shagon ne zai ci moriyarta ba. Kuma kuɗin nan da na tara, in za a faɗi gaskiya, rabin jarina ne.

A daidai lokacin ne wani maƙwabcinmu ma'aikacin banki ya nuna min yadda yake zuwa aiki. Akwai kamfanoni irin su Shuttlers, inda mutum zai kama kujera ta waya a bas mai sanyi, a ɗauke shi a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Lokacinsu ya fi dacewa da masu ofis, mu kuwa 'yan kasuwa har Asabar muna fita. Saboda haka muka yi namu. Akwai wani dattijo Bayarabe a bayan layinmu mai Sienna, muka haɗu mu shida muka yi magana da shi: kowa zai biya kuɗin wata tun ranar ɗaya ga wata, shi kuma ya ɗauke mu a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, ya dawo da mu da yamma. Ko ka fita ko ba ka fita ba, kuɗinka ya tafi, kujerarka kuma ba mai zama. Idan mai ya tashi, a zauna a sake magana a ƙarshen wata, ba a tsakiyar hanya ba. Ni dai abin ya yi min kama da adashe, sai dai a nan kullum kowa yana kwasa.

Ranar da na gaya wa Baba, shiru ya yi, can ya ce, "Wato ka zaɓi zanen aro ke nan. Ka san dai ba ya rufe katara."

Na ce, "Baba, ai ba aro ba ne, biya nake yi."

Ya ce, "To ranar da ka buƙace ta cikin dare, sai ka nuna mata rasit."

Ban ce komai ba. Kuɗin motar na zuba su a kaya, kuma alhamdu lillahi a azumin da ya biyo baya na ga amfanin hakan, domin ban ci bashin kowa ba kafin in cika shago. Ban da wannan, na daina kokawa da kwandasta a kan canji, ina iya yin barcin rabin awa a hanya, kuma tun farkon wata na san abin da sufuri zai ci min. Akwai takura, ba zan ɓoye ba. Idan ciniki ya buɗe da yamma dole ka rufe ko a tafi a bar ka, ka biya kuɗin mota sau biyu. Idan motar ta kwana a gareji, duk mu shida mun koma damfo.

Maganar Baba kuwa ta zo ta same ni a daminar 2024. Wajen ƙarfe biyu na dare ƙanwata ta buga min ƙofa, jinin Umma ya hau, ba ta iya magana sosai. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na kira mota ta waya, direba na farko ya karɓa ya soke, na biyu ma haka. Ina tsaye a zaure ina kallon waya, Baba yana riƙe da hannun Umma, bai ce min uffan ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa ciwo. Sai na kira dattijon nan mai Sienna, duk da cewa wannan ba ya cikin yarjejeniyarmu. Bugu biyu ya ɗauka. Cikin minti goma ya iso da rigar barci, ya kai mu asibiti, ya zauna har aka ba ta gado. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna, ya ce da 'yar Hausarsa, "Malam, mamanka mamana ne."

Umma ta samu sauƙi, mun gode Allah. Amma ban yaudari kaina ba: da a ce wayarsa a kashe take a daren nan fa? Kuɗin wata ya saya min zuwa kasuwa da dawowa ne kawai. Abin da ya kai Umma asibiti maƙwabtaka ce, kuma ba na son in sake jingina rayuwar mahaifiyata a kan sa'a. Shi ya sa yanzu na rubuta lambar mutum uku masu mota a unguwa na manna a bangon ɗakin Umma, na je na same su ɗaya bayan ɗaya mun yi magana tun kafin buƙata ta taso. Na kuma ware wani abu duk wata da ba na taɓawa sai don irin wannan dare.

Bayan kwana biyu Baba ya kira ni ya ce, "Motar dai za ka saya wata rana. Amma da riba za ka saya, kar ka taɓa uwar kuɗi." Na ce to. A nan muka tsaya, ni da shi.

Saboda haka ɗan'uwa, idan kana Legas ko Fatakwal ko Anaca, hanyarka ɗaya ce kullum, kuma kuɗin motar daga jarinka za su fito, ka nemi mutum biyar da ka yarda da su da direba mai mutunci ku gwada na wata uku. Amma ka yi tanadin dare tun da rana. Sallar bana ma a motar haya zan je Kano, duk wanda ya tambaye ni ina motata, zan ce masa tana Balogun, a kan kanta.

Allah ya sa mu dace, ya ƙara wa iyayenmu lafiya.