Filta Uku Da Zanzaro Ɗaya

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na nazarin harshe ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya tattaro kalmomin aro daga wata sana'a, ya nuna yadda Hausa ta lanƙwasa su har suka zama nata. 'Yan ajinmu suka bazu, wannan ya nufi teloli, wancan asibiti. Ni kuwa ko ƙofar ɗaki ban fita ba, na zauna na cika shafi huɗu: lagireto, salansa, totur, kuloci, sifana, sukundireba, tiyo, injekta, filta. Malam ya tambaye ni garejin da na yi bincike. Na ce masa a bakin hanyar Kano zuwa Daura na yi shi, a kwance ƙarƙashin mota. Labarin wannan kwanciya nake so in ba masu karatu.

Mahaifina direba ne, kuma motarsa ta girme ni nesa ba kusa ba. Marsandi ce ƙirar 207D, irin waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1977, mai injin silinda huɗu da ke shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas. Can ƙasarsu ba motar fasinja ba ce, ta ɗaukar kaya ce, ba taga ko ɗaya a bayanta. Da ta iso ta hanyar Kwatano sai masu walda suka fafe mata tagogi, suka jera mata kujeru, suka ɗora mata kariya a sama. Wanda ya riƙe ta kafin Baba kuma ya sa aka ƙera mata tanki na biyu a ƙarƙashi, da farantin ƙarfe, aka haɗa shi da na asali, don kada ya riƙa tsayawa shan mai a hanya. Da wannan mota ake cin tuwo a gidanmu. Alhamis tana Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Ɗambatta, sauran kwanaki kuwa ta yi Kazaure da Daura.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka tafi yajin aikin nan da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da zaman gida ya ishe ni, sai Baba ya ce, "To, malam ɗalibi, tun da alƙalami ya huta, zo ka riƙe mini ƙofa." Haka na zama kwandasta. A shekarar ne kuma kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Litar da ake saye wajen naira 300 a farkon shekara ta haura 700 kafin damina ta yi nisa, ga shi gas ba ya cikin man da gwamnati ke wa rangwame a lokacin. Baba, wanda bai taɓa yarda da man jarka ba, ya fara saye wajen 'yan bumburutu saboda ragin da suke yi. Araha dai, an ce, ba ta ado.

Ranar da abin ya fara mun baro Kazaure da cikakken lodi. Muna kan wani ɗan hawa sai na ji muryar injin ta canza. Baba ya taka totur har ƙasa, mota ta ƙi amsawa, ta yi ta shessheƙa kamar mai tarin asma, ta fizga sau biyu, ta mutu. Aka yi kik, shiru. Muka zauna kamar kwata guda Baba yana ba fasinjoji haƙuri, ya sake gwadawa, sai ga ta ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Ba mu yi mil biyar ba ta sake. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Ɗan nan, in aljanu gare ta ku faɗa mana mu sauka." Ranar rabin kuɗin da na karɓa sai da na mayar.

Da dare Baba ya haska tocila ya nuna mini hanyar da mai ke bi, kuma sai a ranar na san injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Daga tanki mai zai biyo bututu, ya ratsa wata 'yar ƙaramar filta ta roba mai haske wadda ana ganin cikinta, ƙaramin famfo ya tura shi cikin babbar filta mai kama da gwangwanin madara, daga nan ya shiga injekta, ita kuma ta raba shi ga nozul huɗu. Abin da ya yi saura ya koma tanki ta wani bututun. Ƙarafan cikin injekta a matse suke ainun, ƙwayar ƙasar da ido ba ya gani tana iya karce su, kuma man da kansa shi ne ke sa musu santsi. Shi ya sa ruwa da kananzir da ake surkawa a gas suke mata illa. Filta ita ce mai gadin ƙofa. 'Yar ƙaramar tamu kuwa ta yi baƙi ƙirin. Baba ya canza ta, muka yi kwana uku lafiya.

Rana ta huɗu ciwo ya dawo. Aka ce saura babbar. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Baba ya tafi jana'iza, ni kuma na ce bari in nuna masa boko bai kashe mini hannu ba. Na kwance tsohuwar, na ɗaura sabuwa, na ƙulle tam. Ban cika ta da mai ba kafin in ɗaura, ban kuma lura robar bakin tsohuwar ta manne a sama ba, watau roba biyu na haɗa wuri guda. Mota ta tashi, ta yi minti ɗaya, ta mutu. Na yi ta kik har batir ya sauka. Da Baba ya dawo bai ce mini uffan ba, wanda kuwa ya fi mini zagi ciwo. Ya cire robar da ta yi yawa, ya shafa wa sabuwar ɗan mai, ya cika filtar, ya sassauta notin da ke kanta, sannan ya nuna mini famfon hannu da ke jikin injekta ya ce, "Yi ta bugawa har kumfa ya ƙare." Na buga har kafaɗata ta sage, kumfa na fita, daga baya mai zalla ya biyo. Ya ƙulle notin ya ce, "Injin gas yana yafe abu da yawa, amma ba ya yafe iska." Muka tara yaran unguwa suka tura mu.

Mako bai zagayo ba ta sake mutuwa, wannan karon a hanyar Wudil, da awaki shida a kan kariya. Muka sa filta ta uku. Wani matashin bakanike ya saurari injin na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce injekta ce ta gama aiki, sai an kwance ta an kai wa masu saiti, an sayi kayan ciki. Kuɗin da ya ambata ya ninka kuɗin rajistata sau uku. A gidanmu kuwa kuɗi biyu ne kawai a ajiye: na komawata makaranta in an janye yajin aiki, da na kayan ɗakin ƙanwata da aka sa wa rana bayan kaka. Daren nan ina kwance a soro na jiyo Baba da Inna suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji ya ce ko dai ya sayar wa 'yan gwangwan ya nemi tuƙin motar wani, na ji ta ce mutum mai shekara sittin wa zai ba shi makulli. Daga nan aka ambaci sunana, aka yi shiru. Da safe na ce da Baba ya ɗauki kuɗin rajistar, ai ba ranar komawa. Ya dube ni ya ce, "Wa ya tambaye ka?"

Maimakon haka sai ya kai ni wajen wani tsoho da ya yi masa yaron mota a zamanin ƙuruciya, wanda ya daina aiki saboda idanunsa sun yi rauni. Muka same shi a kan tabarma a ƙofar gida. Bai ko taɓa motar ba sai da ya yi wa Baba tambayoyi kamar alƙali. A sanyi take mutuwa ko bayan ta yi tafiya? A hawa ko a gangara? Hayaƙinta fari ne, ko baƙi, ko ba hayaƙi? In ta huta tana tashi da kanta? Da ya ji amsa sai ya ce, "Injektar da ta lalace ba ta warkewa don an ba ta hutun kwata guda. Wannan mota yunwa take ji. Ku nemo mini galan da mai mai kyau."

Abin da ya sa muka yi mai sauƙi ne, har na ji haushin kaina da ban yi tunaninsa ba. Muka cire tiyon da ke zuwa daga tanki, muka sa wani sabo daga galan kai tsaye zuwa ƙaramin famfo, na komowa ma muka tsoma shi cikin galan ɗin. Na rungume galan a gaban mota, tsoho na zaune a gefe, Baba ya ja. Muka yi tafiya mai nisa, muka hau duk wani tudu da muka samu, mota ko tari ba ta yi ba. Tsoho ya ce, "To, daga galan zuwa gaba lafiya. Ɓarawon yana baya." Ban taɓa ganin Baba ya yi ajiyar zuciya irin ta ranar ba.

Da muka dawo ya sa na yanka tsohuwar filta da zarto. Takardar cikinta, wadda ya kamata a gan ta a nannaɗe tsaf, ta cushe da jan gari da wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana. Ya sa muka tsiyayo mai daga gindin tanki cikin kwalba, muka ajiye. Kafin mu gama sallar la'asar ya rabu biyu, gas a sama, ruwa a ƙasa, don ruwa ya fi shi nauyi. Jan garin, in ji shi, tsatsa ce. Baƙin kuwa cewa ya yi "gansakukar mai" ce. Daga baya na karanta cewa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa daidai inda ruwa da gas suka haɗu, suna cin man, suna barin wannan yauƙi. Sunan da tsoho ya ba shi ya fi mini na littafin daɗi, na kuwa sa shi a aikin Malam, ko da yake ba kalmar aro ba ce.

Kwana biyu muka yi muna sauke tankuna. Na asalin da sauƙi, datti ne kawai ya toshe 'yar ragar da ke bakin bututunsa. Na biyun nan da aka ƙera, shi ne gidan ɓarna. Farantin da aka yi shi da shi ba a shafe cikinsa da komai ba, ba a kuma yi masa mafitar tsiyaye ruwa ba, ya shekara da shekaru yana tara tsatsa. Da can Baba kan cika tankunan, man na rufe ƙarfen. Da tsada ta zo sai ya koma sayen lita goma-goma, tanki ya zama rabinsa iska, raɓa na taruwa a ciki, ga ruwan man jarka, ga girgizar hanya na tayar da abin da ya kwanta. In injin na zuƙa sai dattin ya taru ya like ragar, in ya mutu zuƙa ta tsaya sai ya zube ƙasa, hanya ta buɗe. Asirin hutun kwata guda ke nan. Filtocin da muka yi ta zagi, har muna cewa jabu ne, aikinsu suke yi. Muka wanke na asalin, muka hura bututu, muka yar da na biyun gaba ɗaya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari, muna dab da Ɗambatta, sai na ji shessheƙar nan da na sani. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Baba ya sauka bai yi magana ba, ya zagaya ya buɗe murfin tanki, sai muka ji "fuuu", iska ta ruga ciki. Ya tsaya da murfin a hannu, can sai ya fashe da dariya, abin da rabona da gani tun farkon damina. Ashe tanki ma yana numfashi: in mai ya fita dole iska ta maye gurbinsa ta wani siririn tiyo, in ba haka ba famfo ya yi ta ja ba abin da zai zo. Da can ta murfin tanki na biyu, wanda bai taɓa rufuwa sosai ba, iskar ke shiga, shi ya sa ba wanda ya san na asalin a toshe yake. Na shiga ƙarƙashi na laluɓo tiyon, na zura masa waya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Tun daga ranar Baba ya koma gidan mai, ko da lita kaɗan ce. In dole ta sa ya sayi na jarka, sai ya bar shi ya kwana, ya tace na saman da ƙyalle, ya bar na gindin. Ƙarƙashin kujerarsa kullum akwai filta biyu, da sifana, da guntun tiyo, da wayar nan. Tsohon tankin 'yan gwangwan suka auna suka saya, kuɗin ya isa goro da sukarin da muka kai wa tsoho, don ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. An janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba, na biya rajista da kuɗina cif. Kayan ɗakin ƙanwata kuwa, gado da katifa da kwalla, a kan kariyar motar aka kai su Kazaure, ni ne a ƙofa.