Tafiya Da Ƙafa Cikin Tsohuwar Unguwa



Yau ina so mu yi magana a kan wani magani wanda ba a sayensa da ko kwabo, wato tafiya da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar ke nan. Yin haka yana rage hawan jini da ciwon suga da nauyin jiki. Amma yanzu ko gidan suna ne a bayan layi, sai mun hau babur. To, ga dabara: ku nemi izinin maigida, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku zaga tsohuwar unguwa kuna duban gine-ginen kakanni. Mai kallo ba ya jin nisan hanya.

Ke da ke Dutsin-Ma, fara daga gindin dutsen da garin ya ci sunansa. Tsofaffi sun ce wani maharbi ne mai suna Ma ya zauna a kansa. Daga nan ki nufi ƙofar gidan 'Yandakan Katsina, hakimin garin, wanda yake cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ke kuwa ta Kurfi, ki nufi wajen gidan Maraɗin Katsina, ki bi lungunan da ke kewaye da shi. A irin waɗannan wurare ne aka fi samun ragowar ginin ƙasa.

In kin tarad da tsohuwar katanga wadda yaɓenta ya zube, tsaya ki duba. Za ki ga tubali, mai gindi da faɗi da kai a tsuke, an jera shi a tsaye. Da hannu ake mulmula shi, rana ta busar. Gindin bango ya fi samansa kauri, don ya ɗauki nauyi. Wannan kauri shi ke sa soro ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu, abin da ɗakin kwano ba ya yi.

In an ba ki izini kin shiga zaure, ɗaga kai. Itacen da kika gani azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar rufi mai faɗi ita kaɗai, sai magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaura wata bisa wata har su haɗe a tsakiya. A waje kuma ga zanko a kusurwa, ga indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ake shafawa don ruwa kada ya ci ginin.

Ran da Allah ya kai ku birnin Katsina, hanyar ma ta Kurfi take bi daga Dutsin-Ma, ku taka zuwa Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ku ga kuma tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ita ma ta ƙasa ce, ga ta nan har yau.

Abin da ya sa na matsa muku shi ne, ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai. In aka bar shi damina biyu uku, sai ya fara zaizayewa, daga nan a rushe a sa bulo. Tsofaffin magina kuma suna ƙarewa. Abin da ba ku gani bana ba, wataƙila baɗi babu shi. Saboda haka 'yan makaranta ku riƙe littafi da fensir, ku zana abin da kuka gani, ku tambayi tsohuwar gidan wa ya gina, a zamanin wane hakimi.

Ku fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, da takalmi marar tsini da gorar ruwa. Ku tsaya cikin gari, ban da bayan gari, ku komo gida kafin magariba. Ku yi sallama a kowace ƙofa, don gidan mutane ba kasuwa ba ne. Mai ciki da mai ciwo su fara jin shawarar likita.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.